A Zana Hanyar Buhu Kafin a Sayo Inji



Ba zan ɓata muku lokaci da labarin madatsun ruwa na Tiga da Challawa ba. Kowa a nan ya san tun da aka datse ruwa a 1974, aka ƙara a 1992, kogin Haɗeja ya sauya hali, ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwan Marma, ruwa ya koma bin inda ya ga dama. Magana ta yau a kan injin casar shinkafa ce, da yadda muke jera kayansa a fili, domin a nan na daɗe ina jayayya da masu ba da kwangila.

Ga yadda ake yi a Kirikasamma da kewayenta. A sayo inji tukuna, a sauke shi inda mota ta iya tsayawa, a kafa masa rumfa. Bayan nan ne ake tunawa da wurin jiƙa, da murhun turara, da daɓen shanya, da sito, sai a cusa kowanne inda ya rage. Alhali shinkafa tana da jerin da ba ta saɓawa: shanshera ta shigo, a auna, a jiƙa, a turara, a shanya, a cashe, a cire tsakuwa, a ɗinke buhu. Tun 1961 Richard Muther ya rubuta littafi a Amurka kan tsara masana'anta, kuma ginshiƙinsa shi ne a kusanta ayyukan da kaya suka fi kai-kawo a tsakaninsu. Kakanninmu mata da suka ajiye turmi kusa da rumbu sun riga shi ganewa.

Ku bar ni in yi lissafin da ɗalibaina suka gaji da ji. A ce inji yana cin buhu 40 a rana. Kowane buhu ana ɗaukarsa sau 4 kafin ya fita. A ce rashin tsari ya ƙara mita 30 kacal a kowace ɗauka. Mita 4,800 ke nan a rana da kaya a ka, wani 4,800 kuma na komawa hannu rabbana. A kwana 100 na aiki, ɗan dako ya yi kilomita 480 ɗauke da buhu ba tare da ƙwaya ɗaya ta ƙara daraja ba. Kuma ku tuna mafi nauyin ɗaukar ita ce daga murhu zuwa daɓe, lokacin da shinkafar take jiƙe, tana tururi. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya ga yadda ake yi: baro na tangaɗi, ƙwaya na zuba a rairayi, yaro ya bi da tsintsiya ya kwashe har da tsakuwa. Wannan tsakuwar ce uwargida a Kano take tauna, ta ce 'yar Hausa ba ta da kyau, ta koma 'yar waje. Kuɗin dako ana ganinsa a aljihu. Sunan da shinkafarmu ta rasa a kasuwa kuwa, ba mai rubuta shi a littafi.

Abin da littafin Muther bai tanadar mana ba shi ne ruwa. A fadama, tsari ba tsawo da faɗi ne kaɗai ba, har da bisa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun bar alama a bangaye, kuma duk dattijon Baturiya ko Likori zai nuna maka da sanda inda ruwa ya tsaya. Sito ya hau wuri mafi tudu a filin, inji ya zauna kan dakali sama da wannan alama, ruwan jiƙa mai ɗoyi ya gangara nesa da rijiya. Ɓuntu kuma a tara shi ta kudu maso yamma da daɓe, don iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, amma kusa da murhu, tun da makamashi ne kyauta.

Za a ce fili ya yi tsada, ko zanen daga sama ya zo, ba a taɓa shi. Zanen da aka yi wa busasshiyar ƙasar Sharaɗa ta Kano ba zai zauna a bakin kogi ba. Masu cewa ƙaramin inji bai cancanci wannan wahala ba, su koma kan lissafin ɗazu.

Buƙatata ga ƙaramar hukuma ɗaya ce, kuma na sha faɗa: kada a saki kobo na tallafin inji sai mai nema ya kawo takarda guda da ke nuna hanyar buhu daga ƙofa zuwa ƙofa, da alamar ruwan 2022, da sa hannun mai unguwa da na matan da za su yi turarar. Ɗaliban injiniya da ke Haɗeja za su iya zana ta a yini ɗaya da igiyar awo.