Manna Ba Ta Fasa Sauka Ba

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Ƙidaya, sura 13 da 14.

Sa'ad da Isra'ilawa suka iso Kadesh, dab da ƙasar alkawari, Musa ya aiki mutum 12 su leƙo asirin Kan'ana. Bayan kwana 40 suka komo da reshen inabi wanda sai da mutum 2 suka ɗauko shi a sanda. Amma 10 daga cikinsu suka karya zuciyar jama'a, suka ce mazaunan ƙasar ƙatta ne, su kuwa kamar fara suke a gabansu. Jama'a suka kwana suna kuka, har suka yi shawarar naɗa wani shugaba ya mai da su Masar. Cikin manzannin nan, Joshuwa da Kalibu kaɗai suka tsaya a kan maganar Allah.

To, 'yan'uwa, ga tambaya. Bayan wannan tayarwa, Allah ya hana su manna? Ko kaɗan! Shekara 40 yana ciyar da su a jeji, tufafinsu ma ba su tsufa ba. Manna ba ta daina ba sai da 'ya'yansu suka haye Urdun, suka ci amfanin ƙasar.

Mukan ce alkawari kaya ne. Mutum yakan gaji ya sauke nasa a hanya, amma Allah ba ya saukewa. Manzo Bulus ya yi tambaya cikin Romawa sura 3, ko rashin bangaskiyar waɗansu zai soke amincin Allah. Ya amsa cewa sam ba zai yiwu ba. Ya kuma koya wa Timoti dalili: aminci halin Allah ne, ba kuwa zai yi musun kansa ba.

Amma kada mu ruɗi kanmu, rashin bangaskiya yana jawo hasara. Dukan mazajen da aka ƙidaya, daga mai shekara 20 zuwa gaba, a jeji suka mutu, in ban da mutum biyun nan. Alkawari ya cika, sai dai ba su ɗanɗana shi ba. Kalibu kuwa ya karɓi Hebron yana da shekara 85.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila ciwo ya daɗe a gidanka, ko gona ba ta yi ba, har ka bar addu'a, ka daina zuwa sujada. Ka duba da kyau, wa ya ci gaba da ciyar da kai duk kwanakin nan? Wanda ka juya wa baya bai juya maka ba. Ya ba da Ɗansa dominmu tun muna masu zunubi. Ka komo yau, tun ƙofa tana buɗe.

Mu yi addu'a. Ya Uba mai aminci, ka gafarta mana shakkarmu. Ka ba mu zuciya irin ta Kalibu, mu bi ka har ƙarshe. Cikin sunan Yesu muke roƙo. Amin.