KANTI ƊAYA A ƘARAMIN GARI: GASAR MANYAN KANTUNA DA FARASHIN ABINCI



Na san ba za a rasa masu mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga zancen farashin gishiri da sukari ba, alhali kuwa ga masana tattalin arziki nan birjik a jami'a. To, kalma ce ta jawo ni, watau kalmar kanti. Baƙuwa ce a Hausa, daga Ingilishi aka aro ta, kuma ta zauna da gindinta ne a zamanin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su John Holt suka kafa wuraren awon gyaɗa da sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Tun daga lokacin Bahaushe ya bambanta kanti da kasuwa. A kasuwa akwai tayi, akwai "albarka", akwai sallamawa, har da gyara a kan awo. A kanti kuwa mai kaya ya riga ya yanke kuɗi, in ka ga dama ka biya, in ba ka gani ba ka kama gabanka. Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda farashin abinci yake zama idan kanti ya ƙasaita, ya shiga garin da bai fi cikin cokali ba, ya tarar da 'yan tireda biyu ko uku suna lallaɓawa. Misalaina daga Amurka zan ɗauko su, domin can ne wannan al'amari ya fi daɗewa, can ne kuma aka fi bin diddiginsa a rubuce.

Kantin da mai saye yake shiga ya ɗauki kaya da hannunsa, ya je bakin ƙofa ya biya, an fara shi ne a 1916 a birnin Memphis, inda wani mai suna Clarence Saunders ya buɗe Piggly Wiggly. Kafin nan yaron kanti ne yake tsayawa bayan tebur yana miƙo abin da aka tambaya, kamar dai yadda mai tireda yake yi a unguwanninmu. Dabarar tana rage albashin yara, ragin kuma yana iya sauka a kan farashi. Wajen 1930 kamfani guda, A&P, yana da kantuna kusan 16,000. Ƙananan 'yan kasuwa suka yi ta kuka cewa masana'antu suna sayar wa wannan kamfani kaya a kan kuɗin da su ba sa samu, har majalisar ƙasar ta kafa dokar Robinson-Patman a 1936, wadda ta hana mai sarar da kaya fifita babban mai saye a kan ƙarami ba tare da hujjar bambancin ɗawainiya ba. A riƙe wannan doka, za mu komo kanta.

Wanda ya kai yaƙin ƙananan garuruwa shi ne Sam Walton, da ya buɗe Walmart na farko a garin Rogers na jihar Arkansas a 1962. Ya lura manyan abokan hamayyarsa, irin su Kmart, ba sa kallon garin da mutanensa ba su kai 50,000 ba. Shi kuwa sai ya bi garuruwan da aka raina, ya gina babban sito a tsakiya, ya jera kantuna kewaye da shi iyakar tafiyar babbar mota ta yini guda. Hikimar a fili take: garin da ke iya ɗaukar babban kanti ɗaya ba zai ɗauki biyu ba, saboda haka wanda ya riga shiga ya rufe ƙofa ke nan. A 1988 kamfanin ya buɗe wani kanti mai haɗe da cikakken sashen kayan abinci a jihar Missouri, ya kuma ci gaba har ya zama shi ne kan gaba wajen sayar da abinci a Amurka.

Shin kaya sun yi sauƙi? Sun yi, kuma rashin adalci ne a ɓoye wannan. Wasu masana biyu, Emek Basker da Michael Noel, sun buga bincike a 2009 wanda ya nuna farashin abinci a Walmart yana ƙasa da na sauran kantuna da kimanin kashi 10 cikin 100. Ga mai iyali da yawa da ƙaramin albashi wannan ba abin wasa ba ne. Amma akwai lissafi na biyu a cikin binciken wanda ya fi jan hankalina. Sa'ad da babban kantin ya shigo gari, sauran kantuna ba su rage nasu farashin ba sai da abin da bai wuce kashi 1 da 'yan kai cikin 100 ba. Mai saurin hukunci zai ce haɗama ce. A ganina rashin iko ya fi yawa a ciki, domin ribar kayan abinci siririya ce ƙwarai, kuma wanda yake sarar katan goma ba zai samu kuɗin da mai sarar mota ɗari yake samu ba. Wani lokaci kuɗin da ƙaramin kanti ya saro kaya ya kusa kai wanda babban yake sayarwa. Wanda yake cikin wannan hali, in ya rage ya karye, in ya ƙi ragewa masu saye su gudu.

Wani masanin kuma, Kenneth Stone na jami'ar jihar Iowa, ya shafe shekaru tun daga 1988 yana bin lissafin cinikin garuruwan jiharsa. Abin da ya gano shi ne ba garin da aka kafa kantin ne ya fi jin jiki ba, ƙananan garuruwan da ke kewaye da shi ne, waɗansunsu har sun yi asarar kashi 47 cikin 100 na cinikinsu cikin shekara goma. Lissafin nasa ya shafi kayan masarufi iri-iri ne, ba abinci kaɗai ba, amma hanyar da mutum ya bi ya sayo takalmi ita zai bi ya sayo gari da mai.

Bari in taƙaita zancen a kan gari guda, domin lissafi ba ya shiga kunne kamar labari. Oriental wani ɗan gari ne na masunta da masu jiragen ruwa a jihar Carolina ta Arewa, mutanensa wajen 900. Yana da kantin abinci guda wanda ya shekara 44 yana ciyar da garin. A 2014 Walmart ya buɗe ɗaya daga cikin ƙananan kantunan da yake gwadawa a karkara. Kamar yadda jaridu suka ruwaito daga bakin masu tsohon kantin, nan da nan cinikinsu ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, kuma duk sa'ad da suka rage kuɗin wani abu sai baƙon ya rage fiye da su. A wannan ɗan tsakani mutanen gari sun sha araha, babu shakka. A watan Oktoba na 2015 tsohon kantin ya rufe. Bayan wata uku, a Janairun 2016, kamfanin ya ba da sanarwar rufe kantuna 269 a duniya, 154 daga cikinsu a Amurka, har da dukkan ƙananan nan guda 102 na gwaji. Na Oriental yana ciki. Gari ya wayi gari ba kantin abinci, ba kuma ɗakin sayar da magani. Daga baya an sami waɗanda suka buɗe wani kantin a cikin ginin, da sunan Piggly Wiggly ɗin nan da muka fara da shi, amma kafin nan tsofaffi da marasa mota sun ɗanɗana kuɗarsu.

A lura da abu guda. Ba wanda ya zauna a hedkwatar kamfanin da niyyar cutar mutanen Oriental. An duba littafin lissafi ne, aka ga gwajin bai biya ba, aka ja layi. Tsohon kantin kuwa, ribar da babban kamfani zai raina ita ce abincinsa, shi ya sa ya jure shekara 44.

Yawancin mutane suna zaton haɗarin shi ne babban kanti ya kashe na ƙasa da shi sa'an nan ya tsawwala farashi, ya ci karensa babu babbaka. Hakan yana iya faruwa, amma binciken da Stefano DellaVigna da Matthew Gentzkow suka buga a 2019 ya nuna yawancin kamfanonin da ke da jerin kantuna a Amurka kusan farashi ɗaya suke sawa a rassansu, ko unguwar masu kuɗi ce ko ta talakawa. Saboda haka in muka tsaya kallon 'yar takardar da aka liƙa a jikin gwangwani, za mu ce lafiya lau. Inda gizo yake saƙa shi ne hanya. Kuɗin abinci na haƙiƙa shi ne abin da aka rubuta a jikin kaya, a haɗa da kuɗin zuwa da dawowa, da yinin da aka ɓata.

Mu yi misali da kuɗinmu domin a fi ganewa. A ce kuɗin mota zuwa babban gari da dawowa naira 2,000 ne. Ma'aikacin da zai yi sayayyar wata ta naira 100,000, kashi 2 cikin 100 kawai hanya ta ci masa, ragin da zai samu a can ya shanye wannan har da saura. Matar da ke riƙe da naira 4,000 ta cefanen kwana biyu kuwa, rabin kuɗinta hanya za ta cinye, don haka ba za ta je ba. Duk wanda ya rage yana sayarwa a garinta ya san haka, ya kuma san yana iya ɗora mata abin da bai kai kuɗin mota ba, ta biya tana ji tana gani. Watau mai mota da firiji ya kwashe cinikinsa ya kai inda ake araha, kantin gida ya rasa manyan masu sayensa, tilas ya nemi kuɗin haya da na wuta daga jikin waɗanda suka rage, su ne kuwa mafi talauci. Ta haka gasar da ta sauƙaƙa wa wani take tsananta wa maƙwabcinsa.

To, mene ne magani? Amurkawa sun gwada iri-iri. Dokar nan ta 1936 tana nan a littafi, sai dai tun wajen shekarun 1980 hukuma ta yi sanyi wajen aiki da ita. A Janairun 2025 hukumar kula da ciniki ta tarayya ta kai kamfanin PepsiCo ƙara a kanta, a watan Mayu na shekarar kuma sababbin shugabannin hukumar suka janye ƙarar. A Disamban 2024 kotu ta hana manyan kamfanonin abinci biyu, Kroger da Albertsons, haɗewa, don gudun raguwar gasa. Akwai kuma garuruwan da suka ce bari hukuma ta zama 'yar kasuwa da kanta. Garin Baldwin na jihar Florida ya buɗe kantin majalisar gari a 2019 bayan na ƙarshe ya rufe, aka yi ta yabonsa a jaridu, a 2024 shi ma ya rufe saboda asara. Dattawan da ke cikin wannan zaure ba za su yi mamaki ba, domin sun ga Hukumar Ƙayyade Farashi ta shekarun 1970, sun kuma ga layin madara da sabulu da shinkafa na 1984, sa'ad da kaya suka ɓace daga kan tebur suka koma ƙarƙashinsa.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da ƙananan garuruwanmu ba su da irin waɗannan kantuna? Sun fara isowa birane, kuma mun ga zuwansu mun ga tafiyarsu. Shoprite ya buɗe a Kano a 2014, ya rufe a farkon 2024. Ma'aikata sun rasa aiki, abin baƙin ciki ne, amma ba gidan da ya kwana da yunwa don an rasa wurin sayen shinkafa, domin ga kasuwar Singa, ga Sabon Gari, ga Rimi, ga Dawanau, ga mai tebur a kowane lungu. Abin da Kano take da shi Oriental ba ta da shi shi ne yawan masu sayarwa da mutum zai iya isa wurinsu da ƙafa. Ƙaramin gari a ƙasar Hausa yana samun wannan ne ta kasuwar mako, ranar da fatake daga garuruwa biyar ko shida suke baje kaya a layi ɗaya, mai saye ya taya nan ya taya can.

Ba ina wanke kasuwarmu ba ne. Akwai mudun da aka buga wa gindi, akwai algus, akwai ɓoye hatsi sai bazara, akwai ƙungiyoyin da ke haɗa baki su tsai da kuɗi ɗaya, wanda hakan kanti ɗaya ne mai baki ashirin. Amma tana da abubuwa biyu da babban kanti ba ya yi: tana sayar da man cokali guda da sukarin ƙulli, tana kuma ba da bashi zuwa ƙarshen wata ko zuwa kaka, saboda an san uban mutum.

Ga ma'aikatan da takardun neman fili da rangwamen haraji suke bi ta teburinsu, shawarata ita ce kada a tsaya ga tambayar ko kaya za su yi araha a shekarar farko, domin za su yi. A tambayi masu sayar da abinci nawa za su rage a garin bayan shekara biyar, a kuma rubuta cikin yarjejeniya abin da za a yi da ginin in kamfanin ya tashi, don kada a kulle shi a hana wani ɗan kasuwa shiga. Muna da Hukumar Kula da Gasa da Kare Masu Saye ta Tarayya, wadda aka sa hannu a dokarta a 2019, amma ƙaramar hukuma ce take riƙe da rumfunan kasuwa, ita take karɓar kuɗin tebur, ita ya kamata ta duba mudu, ita da jiha kuma suke da alhakin hanyar da motar fatake za ta bi da damina. Ɗalibanmu da ke fita ƙauyuka tattara kalmomin sana'a kuwa, ina roƙonsu su ƙara shafi guda a littafinsu: su rubuta kuɗin tiyar gero da kwalbar mai ranar kasuwa, su sake rubutawa bayan kwana uku sa'ad da kasuwa ta watse mai tireda ya rage shi kaɗai, su kuma rubuta kuɗin mota zuwa gari mafi kusa.