Wayar Hannu a Ɗakin Majinyata



An nemi mu ɗaliban likitanci mu ce wani abu game da karatun yayyenmu likitoci masu neman ƙwarewa, watau waɗanda suka gama jami'a suka koma asibitin koyarwa domin su zurfafa a fanni guda. Mu ne muke bin bayansu a zagayen majinyata, kuma yawancin abin da hannunmu ya iya a wurinsu muka koya. Saboda haka abin da suka karanta jiya, shi za su koya mana gobe.

Bayin Allahn nan kwana suke a bakin aiki, ga kuma jarrabawa a gabansu, ko ta Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma. Ina suka ga lokacin zaman laburare? Magabatansu sai su wuni suna buɗa kundin Index Medicus, su sami sunan maƙala, sa'an nan su tarar mujallar ba ta iso ba. A 1997 aka buɗe rumbun PubMed kyauta ga kowa ta intanet. A 2002 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin Hinari, domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta manyan mujallu kyauta ko a kan kuɗi kaɗan.

Kada a ɗauka wannan sauƙin karatu ne kurum. Alal misali, shekaru da yawa kwinin ake ɗura wa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya tsananta masa. A 2010 mujallar Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashe 9 na Afirka, har da Nijeriya, a Ilorin. Cikin waɗanda aka ba kwinin, kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu. Cikin waɗanda aka yi wa allurar atesunet kuwa, kashi 8.5. A 2011 Hukumar ta sa atesunet a gaba wajen jinyar yara. To, likitan da ya dogara ga littafin da aka buga kafin nan, ya haddace shi sarai, zai ci gaba da yin abin da aka riga aka bari, yana kuwa ganin daidai yake yi. Mu kuma mu kwaikwaye shi.

Amma fa akwai abin lura. Yawancin abin da ke cikin wayar an rubuta shi ne domin asibitocin Turai da Amurka, inda sakamakon gwajin jini ke dawowa nan da nan. A nan sai dangi sun fita sun nemo kuɗin gwajin tukuna. Har ila yau, zazzaɓin da ya ƙi jin magani, marubucin can da wuya tunaninsa ya kai ga cutar Lassa, alhali a garin Lassa na ƙasar Barno aka fara gano ta a 1969, kuma hukumar NCDC ta sa ƙa'idojin jinyarta a shafinta. Balle takardun da ke yawo a WhatsApp ba suna ba shekara. Lalle waɗannan sai an kai su gaban babban likita kafin a taɓa majinyaci da su. (Uwar yaro ma, in ta ga likita ya duƙufa a kan waya, ɗauka take hira yake yi. Ya kamata a gaya mata abin da ake dubawa.)

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne ta tafi wurin hukumar laburare, a sanar da kowane likita da ɗalibi hanyar shiga Hinari tun ranar da ya fara aiki, a kuma kai intanet ɗakin da likitoci ke kwana, domin a halin yanzu da kuɗin aljihunsu suke sayen data.