Amsar Wasiƙa: Da Riba a Sayar da Ƙwayar Ƙara Basira ta Intanet?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a yankin Funtuwa. Ya ce ɗansa da ya gama makaranta ya matsa masa ya sayar da masarar da ya ajiye ya ba shi jari, wai zai riƙa saro ƙwayoyin ƙara basira daga ƙasar waje yana tallarsu ta Facebook da WhatsApp. Yana tambaya, ya ba shi ko ya hana?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Kafin a zo maganar riba, sai a fara tambaya, shin kayan suna aiki? Da yawa daga cikin ƙwayoyin nan haɗi ne na bitamin, da ganye irin su ginkgo, da sinadarin nan na goro da gahawa mai hana barci. A Amurka an gwada ginkgo a kan tsofaffi fiye da 3,000, aka bi su wajen shekara 6, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai kare su daga ciwon mantuwa ba. Kuma a can, dokar 1994 ta bar kamfani ya fitar da irin wannan kaya ba tare da ya fara nuna wa hukuma cewa yana aiki ba. Don haka ganin sunan Amurka a jikin kwalba ba shaida ba ne. Har ma a 2017 hukuma ta kai masu yin Prevagen ƙara, a 2024 kotu ta hana su cewa ƙwayarsu tana gyara mantuwa.

A nan gida kuwa akwai NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Irin wannan kaya sai da lambar rajistarta, tallar ma sai ta amince. Sayarwa ta waya ba ta fitar da mutum daga doka. In aka kama kaya marasa rajista, kwacewa za a yi, jari ya tafi, a bar ka da zirga-zirgar beli.

Yanzu mu zo lissafi, inda kai ka fi mu sani. Da dala ake saro kayan, ka kuwa ga yadda naira ta faɗi daga 2023. Talla a Facebook kuɗi ce, kullum sai an zuba. Ga kuɗin mota zuwa Kano ko Abuja, ga masu cewa sai kaya sun iso za su biya, in direba ya kira su kashe waya. Babban abin ma shi ne, ciniki irin wannan ba ya tsayuwa sai wanda ya saya ya dawo. Ɗalibin da ya sha kwalba guda bai ga canji a jarrabawa ba, ina zai dawo? Masara in ta yi kwantai ka ajiye ta zuwa damina, ko iyali su ci. Ƙwayar da wa'adinta ya wuce fa, sai bola.

In kuma ka ji an ce sai ya biya kuɗin shiga, sannan ya kawo wasu mutane su ma su biya, to ribar ba a cikin kaya take ba, a aljihun 'yan baya take. Mutanenmu ba su manta da MMM ta 2016 ba.

Shawararmu, Malam, kada ka taɓa rumbu tukuna. Ka ce ya kawo kwalba ɗaya, ku kai ofishin NAFDAC na jiharku a duba lambar. Ya rubuta maka nawa zai saro, nawa talla da mota za su ci, nawa zai rage a kowace kwalba. Yaron da ya iya talla ta waya abin riƙewa ne, kada ka kashe masa gwiwa. Ka gwada shi da buhu biyu na hatsinka, ya nemo maka masu saye a birni, ku ga abin da zai dawo da shi.

Sai wasiƙa ta gaba.