Yaron da ya daina zuwa: jawabi ga malaman Gwarzo da Kabo



Mun zo da wata kalma daga ƙasar Japan, amma zancenmu na rajistar aji ne. Kalmar ita ce hikikomori. Da ita Japanawa suke kiran mutumin da ya shige ɗakinsa a gidan iyayensa ya ƙi fitowa, ba makaranta, ba aiki, ba aboki, har wata shida ko fiye. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Tamaki Saito ne ya yaɗa ta, da littafin da ya wallafa a 1998. A 2016 gwamnatin ƙasar ta ƙiyasta cewa masu wannan hali 'yan shekara 15 zuwa 39 sun kai 541,000. Da aka waiwayi manya a 2019, sai ga mutum 613,000 tsakanin shekara 40 da 64, wasunsu tun suna samari suka rufe ƙofa. Yau akwai gidajen da tsoho ɗan shekara 80 yake ciyar da ɗansa ɗan 50, yana fargabar wa zai miƙa masa abinci bayan ransa.

Abin da ya shafe mu shi ne mafarin lamarin. Sau da yawa daga ƙin zuwa makaranta yake somawa. Shi ya sa ma'aikatar iliminsu take ƙidaya duk yaron da ya yi fashin kwana 30 a shekara ba don ciwo ko rashin kuɗi ba.

Mun san za a ce wannan ciwon masu arziki ne, ina yaronmu zai ga ɗakin kansa a gidan yawa? Da gaskiya a ciki. Masallaci, gona, majalisar ƙofar gida da cin kasuwar Getso duk suna fito da yaro ko bai so ba, kuma garkuwa ce babba. Sai dai mutum yana iya ɓuya a tsakiyar jama'a. Kowannenmu ya san ɗalibin da sakamakon WAEC ko JAMB ya zo masa ba daɗi, abokansa suka wuce Jami'ar Bayero, shi kuwa ya koma kwana da rana, hira da waya da dare. Ko wanda in'ina ta sa ake masa dariya har ya koma bencin baya, daga nan ya ɗauke ƙafa. Ta 'ya mace ta fi wuyar ganewa, domin idan yarinya ta daina fita ta daina magana, yabonta ake yi, a ce ta natsu, tana da kunya.

Idan abin ya yi nisa, a gida sai a ce iska ce, ko sammu, ko shaye-shaye, a rufa asiri kada maƙwabta su ji. Ba mu manta da watan Agustan 2020 ba, lokacin da 'yan sanda suka yi ta fito da mutanen da danginsu suka kulle shekara da shekaru a wannan jiha, har da wani a Rogo, nan kusa da mu. Waɗancan daga waje aka rufe su, na Japan daga ciki suke rufewa, amma jin nauyin bakin mutane ne ya tsawaita zaman a duka biyun.

A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ajinmu ya cika maƙil, har idan yaro ɗaya ya rage, wuri kawai ake samu a benci. Muna sa masa alamar fashi mako biyu, mako huɗu, zango ya ƙare, mu ce ya tafi cirani. Mai surutu muka sani da suna. Shiru-shirun nan ko fuskarsa ba ma iya tunawa.

Roƙonmu ga reshe kaɗan ne. Duk ɗalibin da ya yi mako biyu ba a gan shi ba, malamin ajinsa ya taka har gida, mace kuma a tura malama. Kada a je da bulala ko gori, kada a tara masa jama'a. Likitocin Japan sun daɗe suna gargaɗi cewa fito da yaro da ƙarfi ƙara korarsa ciki yake yi. A zauna da uba a zaure, a gaisa da uwa, a nemi abokinsa guda ɗaya ya riƙa leƙa shi. Idan ya daina cin abinci, ko wanka, ko yana ambaton mutuwa, to ya wuce hannun malami: a ba iyaye shawarar ganin likita a Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

A taro mai zuwa, muna so kowace makaranta, daga Lakwaya har Garo, ta zo da adadin yaran da suka ɓace daga rajista a wannan zango, da kuma gida nawa aka je. Sunayensu su tsaya a ofishin shugaban makaranta.