Faɗuwa Jarrabawa Ba Ta Rufe Ƙofar Zama Ƙwararren Likita

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ya gabatar wa matasa, akasarinsu ɗaliban likitanci da sababbin likitoci, a wani zama na ƙara wa juna sani. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, mas'alar da aka ɗora mani in yi magana a kai ita ce ta ɗan uwan da ya gama karatun likita da ƙyar da jiɓin goshi, ya sha risit, la'alla ma ya maimaita aji, yanzu kuma ransa yana son shiga horon ƙwarewa, wanda likitoci ke ce wa rasidansi, a fanni mai cunkoso irin su tiyata, ko mata da haihuwa, ko ido. To shin ya haƙura ne ya ce ba rabonsa ba ne, ko kuwa akwai hanya? Amsar ita ce akwai hanya, amma tana da sharuɗɗa.

Nuƙuɗa ta farko, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Da yawa suna yanke ƙauna ne saboda ba su san tsarin ba. A ƙasar nan digirin likita ba a raba shi daraja ta ɗaya da ta biyu kamar sauran digirori. Ko dai ka ci ko ka faɗi, makin ci kuma 50 ne. Wanda ya ci a zaman farko da wanda ya ci a risit, digiri iri ɗaya za a miƙa masu, lasisi iri ɗaya kuma hukumar MDCN za ta ba su. Daga nan sai shekara guda ta sanin makamar aiki, wato hausjob, sai kuma bautar ƙasa.

Mabuɗin horon ƙwarewa wata jarrabawa ce dabam da ake kira Firamare. Kada sunan ya ruɗe ka, ba ta yara ba ce! Masu shirya ta su ne Kwalejin Ƙasa ta Horon Ƙwararrun Likitoci da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa da doka ta 67 a shekarar 1979, da kuma kwalejoji biyu na Afirka ta Yamma, ɗaya ta likitocin tiyata, ɗaya ta likitocin magani. Sau biyu ake zama a shekara. In ka faɗi za ka iya sake zama. Da wannan shaidar ce za ka nemi gurbi a asibitin da aka amince masa ya horar, shi kuma asibitin ya yi maka tasa tantancewar da intabiyu. In ka shiga, sai Kashi na Ɗaya, sai Kashi na Biyu wanda ya haɗa da rubuta bincike, kafin a kira ka kwansaltan. Tafiya ce ta shekara huɗu zuwa shida, wasu fannonin ma fiye. Ka ga ashe risit ɗin da ka yi a aji uku ba shi ne mai riƙe da makullin ba.

Nuƙuɗa ta biyu ta masu hangen Amurka ce, domin can lissafin dabam yake. Jarrabawarsu ana ce mata USMLE. Tun watan Janairun 2022 matakin farko ya koma ci ko faɗuwa kawai, amma mataki na biyu da maki ake bayar da shi, kuma masu ɗauka suna dubansa sosai. In ka ci da ƙaramin maki, ba a yarda ka sake zama don ka ɗaga shi ba. In ka faɗi, faɗuwar tana nan a rubuce a takardarka, kuma tun 2021 sau huɗu kacal aka yarda mutum ya gwada kowane mataki. Saboda haka mai nufin can kada ya shiga da niyyar bari in gwada in gani. Wanda kuma ya riga ya sami ƙaramin maki, abin da ya rage masa shi ne bincike da aka buga, da wasiƙun shaida daga likitocin can waɗanda suka ga aikinsa, da neman fannonin da suka fi karɓar baƙi, kamar likitancin iyali da na cututtukan manya.

Nuƙuɗa ta uku, ka binciki dalilin faɗuwar. Likita ba ya rubuta magani sai ya gano cuta, to don me za ka yi wa kanka abin da ba za ka yi wa majinyaci ba? Ka zauna ka tambayi kanka tsakani da Allah. Rashin lafiya ce? Rashin kuɗi ne ya sa kana neman na abinci lokacin da wasu ke karatu? Hidimomi ne suka yi maka yawa? Ko kuwa hadda ka riƙa yi babu fahimta? Kowanne da maganinsa. Firamare tana komawa ne ga tushe, irin su anatomi da fisiyoloji da fatoloji, wato wajen da galibi aka yi tuntuɓe tun farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ware watanni, ka haɗu da 'yan uwa biyu ko uku masu himma, ku riƙa warware tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanku, duk wadda kuka kasa ku koma littafi ku gano inda aka rabu da hanya. Wanda ya maimaita irin karatun da ya kayar da shi, natijar da ya gani a da ita zai sake gani.

Nuƙuɗa ta huɗu, ka gina shaida. Ranar intabiyu, waɗanda za su zauna gabanka manyan likitoci ne da ke neman wanda za su bar wa majinyata da ƙarfe biyun dare su kwanta hankali kwance. Wannan kuwa a lokacin hausjob ake gane shi. Wane ne ke zuwa zagayen ɗaki a kan lokaci? Wane ne ke bin sakamakon gwajin jini har ya zo? Wane ne ma'aikatan jinya ke jin daɗin ranar kwanansa? Ka nemi babban likita a fannin da kake so, ka roƙe shi ya sa ka cikin bincikensa ko da tattara bayanai ne. In aka tambaye ka batun risit, kada ka yi kame-kame, kada kuma ka ɗora wa malamai laifi. Faɗi abin da ya faru a taƙaice, ka faɗi abin da ka gyara, ka nuna shaidar Firamare.

Nuƙuɗa ta biyar, kada ka ƙuntata wa kanka. Kowa idonsa yana kan Shika da Asibitin Malam Aminu Kano, alhali akwai asibitocin koyarwa a Sakkwato da Maiduguri da Bauchi da Gombe. Mai son ƙashi ga Dala a Kano, mai son ido ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, mai son fannin ƙwaƙwalwa ga Barnawa da Kware. Sai dai ka tabbatar kwalejin ta amince wa sashen ya horar kafin ka ɗauki jaka. Akwai kuma hanyar da gwamnatin jiha ko asibitin da kake wa aiki zai tura ka yana biyan albashinka, a karɓe ka a matsayin ƙari a kan gurabun da ake da su. Sannan akwai fannonin da ba a rububinsu alhali al'umma na matuƙar buƙatarsu, alal misali masu sa barci a ɗakin tiyata, waɗanda in babu su wuƙar likita ba ta motsi. Amma kada ka shiga fannin da ranka bai kwanta da shi ba don kawai ƙofarsa a buɗe take, domin aikin rayuwa ne.

Daga ƙarshe, 'yan uwa, akwai hanya guda da nake gargaɗin ku a kanta, ita ce gyara takarda, ko ɓoye gaskiya a fom, ko sayen gurbi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da ta tonu lasisin ma yana iya tafiya. Ko da kuma ba ta tonu ba, ka tuna wanda zai biya bashin. Matar da aka kawo daga ƙauye tana zubar da jini bayan haihuwa ba za ta tambaye ka nawa ka ci a aji uku ba, amma ranta ya rataya a kan abin da ka sani a wannan daren. Risit ba ya cutar da ita. Giɓin da ka ƙi cikewa shi ne zai cutar da ita. Saboda haka a koma a cike giɓin, a nema, in ba a samu bana ba a sake nema baɗi. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya yi mana muwafaƙa, Ya sanya albarka a hannuwanku.