Kundin farko na Mdou Moctar: jitar Abzinawa a situdiyon Sakkwato

Yau ba zancen taki ko rashin aikin yi za mu yi ba, kiɗa za mu saurara.

Ina sakandare, wata ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, wani mai turi ya cika min memori da waƙoƙi. A ciki akwai wata da ba suna, ba hoto. Kiɗan irin na finafinan Hausa ne sak, amma yaren ban ji ko kalma ɗaya ba. Sai da na shiga jami'a na gano mai ita: Mahamadou Souleymane, Ba'abzinen Nijar da duniya ta sani da Mdou Moctar. Kundin kuwa shi ne Anar, nasa na farko, wanda ya ɗauka a Sakkwato a 2008.

Ku lura fa, Sakkwato. Yaron da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, bahago ne ma, ya tsallako Najeriya ya ari salon da mu muke rainawa muna ce masa nanaye. Gangar kwamfuta, muryar da aka matse da Auto-Tune har ta koma kamar ƙarfe, sai ya ɗora waƙoƙin Tamashek da jita a kai. A waƙar Tahoultine haɗin ya zauna daram: jitar tana maimaita zagaye ɗaya kamar tafiyar raƙumi, muryar tana lilo a samanta.

Amma gaskiya ɗaya ce, kundin yana da rauni. Gangar ba ta sauyawa, in ka ji waƙa uku a jere sai ka fara duba waya. Kuma na'ura ta danne jitar, alhali ita ce dukiyarsa. Wanda ya fara da Afrique Victime na 2021, inda jitar lantarki take ruri, zai ɗauka ba mutum ɗaya ba ne. Ni dai Anar ya fi zama min a rai, watakila don ƙuruciya ce.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne kuɗi. Waƙoƙin sun zaga Sahara ta Bluetooth, daga waya zuwa waya, kyauta. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na Sahel Sounds, ya neme shi, ya saka Tahoultine a wani kundi a 2011, sannan ƙofa ta buɗe. Ni ma mai turi na biya, ba mawaƙin ba.

To yaranmu na Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar da ke rera waƙa a waya cikin ɗaki, su ma Bature za su jira? In kun san ɗaya, ku turo min waƙarsa, da sunansa a jiki don Allah. Mako mai zuwa ita za mu saurara.